Muryar Kawu Abdulhadi a Ka'akiyya

Ka'akiyya, Makka
Rajab 1434 (Mayu 2013)

Zuwa ga Inna Kande,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da jikoki da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ƙafar? Mu nan sai godiya, in ban da zafi da ya fara sauka. Maigidana Hashim na gaishe ki, yara ma haka, ko da yake in na ce su yi gaisuwar da Hausa sai su tsaya suna kallona, Larabci ya cinye musu baki. Na san waya ba ta yi miki amfani tun da kunnen ya ƙi, shi ya sa na ba wata mai umara wannan takarda.

Ƙanenki Kawu Abdulhadi ya zauna lafiya. Uban gidan Hashim, wato kafilinmu, ya ɗauke shi tafinta a kamfaninsa na hidimar alhazai da ke Aziziyya, tunda yana jin Larabci da Faransanci da wasu harsunan Turawa da ban ma san sunansu ba. Igamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito a ƙarƙashin mutumin, kamar tamu. Mun ba shi ɗakin da ke kusa da falo. Na ji daɗi da kika tuna da ni kika turo shi gidana, duk da kakata Hajo da mahaifiyarku 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, kuma sau ɗaya muka taɓa haɗuwa da ke.

Ranar da ya sauka ya zaunar da mu ya faɗa mana gaskiya. Ya ce likitocin Turai sun ce zuciyarsa ta gaji, ba wani aiki da za a yi mata. Ya ce, “Rabi, ni ban zo neman komai ba. Na zo in mutu a garin nan, a sallace ni a Harami. Abin da ya rage mini ke nan.” Wallahi sai da na shiga kicin na yi kuka.

Amma Inna, ƙanen nan naki sai a hankali. A wannan zafin ba ya yarda a kunna masa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wai sanyinsa na kama masa maƙogwaro. Kullum wuyansa a naɗe da ƙyalle. In mun je Harami sai ya yi ta zagaye yana neman tulun Zamzam da ba a sanyaya ba. Da safe kuma ba ya magana da kowa sai ya gama wani gurnani a ɗaki, kamar injin niƙa daga nesa. Yara har sun fara kwaikwayonsa, na tsawata musu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ladanin ƙaramin masallacinmu ya yi tafiya, ranar Litinin kuma aka ɗauke wuta daf da Magariba. Kawu ya hau matakalar ƙofar masallaci ya kira salla da bakinsa kawai, ba lasifika. Ina suya na ji, na ɗauka wuta ce ta dawo. Matan layi na uku ma sun ji. Ban taɓa jin murya mai kauri haka ba. Malam Aminullahi, wani ɗalibin ilmi Basakkwace da ke ja mana salla, ya roƙe shi ya riƙe kiran har ladan ya dawo. Yanzu ko da wuta, kashe lasifikar yake yi.

Mutane sun fara tambayata ko ladani ne a can Turai. Na tambaye shi, ya ce, “Aiki ne na yi, ya wuce.” Ke ma ba ki taɓa faɗa mini ba. Wane aiki ne wannan?

Taki,
Rabi'a

*

Tudun Wada, Zariya
Yuni 2013

'Yata Rabi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu don daɗi. Ƙafa tana nan yadda kika sani, ranar da ta ga dama ta taka, ranar da ba ta ga dama ba mu zauna tare. Ruwa ya sauka, mun gode Allah. Ki gaishe da Hashim, ki ce na gode da ɗawainiya. Yaran nan kuwa ki dage musu da Hausa. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na san ba yaron da harshe ke gagara sai wanda uwarsa ta gaji.

Labarin kiran salla ya sa ni hawaye. Tun yana ɗan shekara bakwai, in Innarmu ta aike ni in kira shi daga dandali ba ya jin nawa kiran, amma shi in ya kira ni daga bakin kasuwa har maƙwabta ke amsawa. Zancen ƙyalle da ruwan ɗumi ki ƙyale shi, ya riga ya zama jiki, ba ranar bari.

Game da aikinsa, ki yi haƙuri. Kafin ya taso ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa a Makka ba. Ya ce yana so ya shiga garin kamar kowane tsoho, ba wanda ya san shi. Ba sata ya yi ba, ba kisan kai ba. Sai dai abu ne da mahaifinmu ya rasu bai yarda da shi ba, kuma na san mutanenmu, na san bakinsu. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce tafinta ne, ai ba ki yi ƙarya ba.

Ki lura da shan maganinsa, don ba ya son a tuna masa. Ga kuka da daddawa nan na ba wata mai tafiya umara ta kawo miki, ki yi masa miya, ya daɗe rabonsa da ita.

Innarki,
Kande

*

Ka'akiyya, Makka
Ramadan 1434 (Yuli 2013)

Inna Kande,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ina fatan azumi na zuwa da sauƙi. Kuka da daddawa sun iso, na gode. Lafiyarmu lau, amma hankalinmu ba a kwance yake ba, don haka ki gafarce ni zan tafi kai tsaye.

Shekaranjiya bayan La'asar Malam Aminullahi ya zo ya yi sallama da Hashim, fuskarsa ba walwala. Wani alhaji mazaunin Italiya da ya zo umara ya ga Kawu a ofis, ya gane shi, ya yi ta rawar jiki yana neman su ɗauki hoto, sannan ya tura wani bidiyo ga ma'aikatan ofis ɗin. Daga waya zuwa waya har ya iso unguwarmu. Na gani da idona, Inna. Kawu ne, da sauran ƙuruciyarsa, cikin doguwar baƙar riga ta limaman coci, da ƙaton gicciye a ƙirji. Ga kyandirori, ga Turawa maza da mata sun durƙusa a gabansa, yana ɗora musu hannu a ka yana rera wani abu da wannan muryar tasa. Ita ce dai muryar da muke ji sau biyar a rana.

Hashim ya shiga ɗakinsa da wayar ya nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo ta ya ce, “Ni ne. Wasa ne.” Hashim ya ce wane irin wasa ne da gicciye? Ya ce, “Na yi kalmar shahada a gabanku kullum tun da na zo. In wannan bai ishe ku ba, ba abin da zan ƙara da zai ishe ku.” Ya juya ya ci gaba da karatun Alƙur'aninsa.

Inna, ke ba ki san garin nan ba. Wanda ba Musulmi ba ko shingen hanyar Jidda ba ya wucewa. In aka ce wani ya taɓa barin addini, har ya limanci coci, ya shigo Makka yana kiran salla, kuma a gidanmu yake kwana, ba shi kaɗai abin zai ci ba. Bana kuma ba kamar kowace shekara ba ce, hukuma ta ba baƙi wa'adi kowa ya gyara takardunsa ko ya fita, jawazat, jami'an shige da fice, na ko'ina, kowa a tsorace yake. Kafili in ya ga dama, da sa hannu ɗaya zai kore mu duka. Hashim ya yi shekara ashirin da biyu yana lallaɓa mutumin nan. Yaranmu ba su san wata ƙasa ba sai wannan.

Malam Aminullahi ya ce ba zai yanke hukunci a kan bidiyo ba, sai an ji daga dangi. Ya roƙi samarin unguwa su daina turawa. Hashim ya hana ni rubuta wannan magana a waya, ni ma ba na so jikokinki su karanta miki ita. Na sa an wanke hoto ɗaya daga ciki, ga shi a cikin ambulan.

Na san kin yi alkawari, amma don girman Allah ki ba ni amsa. Shi ne? Yaushe ya yi wannan? Matar da ta kawo miki takardar nan tana da ƙanwa da za ta taso goman ƙarshe. Ki ba ta amsa, don ana sallar idi za a rufe umara, ba mai zuwa sai alhazai.

Taki,
Rabi'a

*

Zariya
Yuli 2013

Rabi,

Salam. Muna lafiya. Matar ta riƙe takardarki a jakarta sai yau ta kawo, ga ƙanwar tata tsaye a kaina mota na jiranta, don haka a gurguje.

Shi ne mana, wa zai zama? Ni kaina na gan shi cikin irin wannan rigar a Landan, ina zaune a layin gaba, shi ya biya mini kuɗin jirgi. Ai ba sau ɗaya ba ne, ya fi shekara talatin yana yi, ƙasa ƙasa, kuma ba wanda ya kai shi a zamaninsa. Abin da Baba ya ƙi ke nan. Tunda abin ya fito, ya fito. Ban ga na tayar da hankali ba. Zan rubuto miki duka a natse.

Kande

*

Ka'akiyya, Makka
Shawwal 1434 (Agusta 2013)

Inna Kande,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya, ko da yake a gidanmu ba wanda ya san an yi ta. Wani maƙwabcinmu da takardunsa suka ƙi gyaruwa zai koma gida, shi zai biyo miki da wannan.

Inna, me kika rubuto mini haka? Na karanta na sake karantawa, ina neman inda kika ce ba gaskiya ba ne, ban samu ba. Kin ce shi ne. Kin ce ya fi shekara talatin yana yi. Kin ce har kin je kin zauna a layin gaba, kuma ba ki ga na tayar da hankali ba. Na so in ɓoye takardar, amma Hashim ne ya karɓo ta daga hannun matar, a gabansa na buɗe. Da ya gama karantawa ya ce, “Halas, shi ke nan, yayarsa ma ta shaida.” Ya kai wa Malam Aminullahi.

An karɓe kiran salla daga hannun Kawu. Ba a yi masa wulaƙanci ba, Malam ya ce masa kawai ya huta. Yana zuwa masallaci har yanzu, amma in ya tsaya a sahu sai ka ga an bar ɗan fili a gefensa. Matan da ke aiko masa da abinci sun daina. Wata har ta tambaye ni ko sallolin da aka yi da kiransa sai an rama. Ya daina gurnanin safe. Ƙafafunsa sun fara kumbura, in na kai masa abinci sai ya ce na gode 'yata, ya ci loma biyu.

Na durƙusa a gabansa na ce, “Kawu, ka yi mana bayani yadda za mu gane.” Ya ce, “Na yi wa mahaifina bayani ina da shekara ashirin da biyar, ya tashi ya bar mini ɗakin. Na gaji, Rabi.”

Hashim yana so ya je ya faɗa wa kafili da bakinsa kafin ya ji a waje. Ya ce gara a ce mu muka kai magana. In ya je, kin san an gama, za a buga wa Kawu fita ba dawowa. Na riƙe masa riga, na yi kuka, abin da ban taɓa yi ba a zamanmu. Ya yarda zai jira har jirgin farko na alhazai ya sauka, ko da wata takardar daga gare ki. Dattawan unguwa ma sun ce sai lokacin za su zauna.

Ni zuciyata ta ƙi yarda. Mutumin da nake ji ta bango yana kuka a sujada ba zai zama abin da suke faɗa ba. Amma kuma ga hoto, ga rubutunki. Ki fitar da ni daga wannan duhu, ki rubuta dalla-dalla kamar kina koya wa 'yan aji ɗaya.

Taki,
Rabi'a

*

Tudun Wada, Zariya
Satumba 2013

'Yata Rabi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, in ban da hawan jini da takardarki ta tayar mini. Inna lillahi! Rabi, ashe haka kuka fahimta? Na yi ta zagin kaina, na yi ta zaginku, har jikata ta zo ta tsaya a ƙofa tana kallona. Ni na ɗauka kun san wasa ne, kuna tambaya ne kawai ko shi ne ɗan wasan. Ban taɓa kawo wa raina cewa mutane masu hankali za su ga labule da fitilu da makaɗa su ce coci ce ba. To, ga shi dalla-dalla.

Abdulhadi mawaƙi ne. Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da ake yi a kan dandamali, daga farko har ƙarshe ba a magana sai waƙa, suna ce masa opera. Kowa a ba shi matsayinsa da kayan da zai sa. Ba lasifika a wurin, mutum da ƙirjinsa zai cika zauren da ya ci mutum dubu biyu, ga makaɗa kusan ɗari a gabansa, kuma dole na can ƙarshe ya ji. Abin da ya kashe rayuwarsa yana koyo ke nan.

Gwamnati ce ta tura shi Alƙahira karatun Larabci. Wani malamin kiɗa ya ji shi yana rera wa abokansa wani abu a tsakar makaranta, ya bi shi har ɗaki. Daga nan sai Italiya. Ya wanke kwanuka, ya kwana a tasha, Turawa suka yi ta ce masa ba a taɓa ba baƙar fata irin waɗannan matsayi ba. Ya zo ya zama sai an yi shekara biyu ana layin ɗaukarsa. Da yake muryarsa mai kauri ce, ba a ba shi saurayi, kullum shi ne tsoho. Yau sarki, gobe uban yarinya, jibi limamin coci. Har Iblis ya fito, da ƙaho da jar riga, Allah ya sa wannan bai iso unguwarku ba. Ranar da na gan shi a Landan, ana sauke labule ya cire gicciyen ya miƙa wa mai ajiye kaya, na kwali ne da aka shafa wa fenti. Ya wanke fuskarsa, ya shimfiɗa darduma a bayan dandamali muka yi Isha'i tare, shi ya ja.

Ban ce waƙa aikin malamai ba ce. Baba ya ƙi ta, ya rasu bai sake kiran sunansa ba, kuma wannan ciwon ya fi na zuciyar cin Abdulhadi. Amma bai taɓa barin salla ba, bai taɓa barin azumi ba, ko a ranar da zai hau dandamali maƙogwaro a bushe. Wanda duk ya ce ƙanena kafiri ne, mu haɗu da shi gaban Allah.

Ki karanta wa Hashim wannan, ki kai wa malamin naku. Na san kuma takarda ba za ta ishe su ba, za su ce 'yar'uwarsa ce, dole ta kare shi. To ga shawarata. Ranar da dattawan za su zauna, ya tashi ya yi musu wasan a gabansu. Su ga yadda yake shiga ya zama wani mutum, ya fito ya koma Abdulhadinsa. Na yi wa yara wasan kwaikwayo a makaranta shekara da shekaru, na san wanda bai taɓa gani ba ba ya ganewa sai an yi a idonsa. Zai ƙi, na san taurin kansa. Ki ce masa Yaya Kande ce ta ce, kuma na warware alkawarin da na yi masa tunda shirunsa zai fitar da shi daga garin da yake so ya kwanta.

Alhajin da zai kawo wannan yana jirgin farko na Kaduna. Na sa ya yi mini rantsuwa ba zai kwana da ita a jaka ba.

Innarki,
Kande

*

Ka'akiyya, Makka
Zulhajji 1434 (Oktoba 2013)

Inna Kande,

Assalamu alaikum. Barka da salla. Mu da yara lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, don na rasa ta inda zan fara. Wannan za ta zo miki ta hannun alhazan da ke komawa.

Takardarki ta iso a kan lokaci. Hashim ya karanta, ya ce, “Astagfirullah, mun zalunci tsohon nan.” Dattawa suka sa ranar Juma'a bayan La'asar a falonmu, su takwas, har da Alhaji Mailafiya, wanda ya fi kowa daɗewa a unguwar. Kamar yadda kika faɗa, aka karanta musu, wani ya ce ai yayarsa ce. Sai na leƙo daga bayan labule na ce Kawu ya nuna musu. Ya ce ba zai yi ba. Na ce Yaya Kande ce ta ce. Ya dube ni ya ce, “Ita ta ce?” Na miƙa masa takardar ya ga rubutunki. Ya ce to a kashe mukayyif. Ɗaki ya ɗau zafi, tsofaffi suka fara fifita da huluna, sai na aika aka buɗe tagogin duka.

Inna, bai sa wata riga ba. Da jallabiyarsa ya miƙe. Ya ɗan ranƙwafa, ya haɗa hannuwa, fuskarsa ta sauya, wallahi sai na ga wani tsoho da ban sani ba a falona. Ya buɗe baki. Kofunan shayi suka riƙa kaɗawa a kan faranti. Ban gane kalma ɗaya a waƙar ba, amma na ji hawaye na zubo mini. Yana kaiwa ƙarshe ya saki jikinsa, ya faɗa kujera yana haki, ya ce da Hausa, “A taimake ni da ruwa.” Alhaji Mailafiya ya fashe da dariya ya ce, “Kai! Ashe wasan kwaikwayo ne! Yaro, ka ba mu wahala.” Malam Aminullahi ya taso ya durƙusa ya riƙe hannunsa. Ya ce shi har gobe bai yarda da waƙa ba, amma waƙa daban, ridda daban, ya roƙi Kawu ya yafe masa. Aka yi addu'a, aka ce gobe da Asuba ya koma kiransa. Na yi farin cikin da ban taɓa yi ba.

Da na je rufe taga sai na ga layinmu cike da mutane, Larabawa da 'yan Burma da 'yan Pakistan, kowa ya ɗaga kai yana kallon gidanmu, wasu da wayoyi a sama. Har masu shagon bakin titi sun fito. Su ba su ga wasa ba, ba su ji takardarki ba. Abin da suka ji shi ne waƙar coci tana fitowa daga gidan baƙaƙe, a Makka, ranar Juma'a.

Kafin sati ya zagayo kafili ya kira Hashim da Kawu ofis. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin ya yi karatu a waje, ya san abin sarai. Hashim ya ce har miƙewa ya yi ya gaishe da Kawu, ya ce ya taɓa jin sunansa. Amma kafilin ya ce an riga an kai ƙara wurin mai unguwa, shi kuma da lasisin hidimar alhazai yake ci, a wannan shekarar ba zai iya tsayawa yana yi wa hukuma bayanin opera ba. Dattawa suka je, Malam Aminullahi ya je sau uku. Iyakar abin da kafilin ya yi, ya bar mu da igamarmu, ya bar Kawu ya yi aikin Hajji, bayan nan fita ba dawowa. Ban ce laifinki ne ba, Inna. Ke shawara kika bayar, ni na buɗe tagogin.

Ya yi Hajjinsa. Kowa na tsoron kada ya faɗi a Arfa, ya dawo da ƙafarsa, kuma ban ga alamar ya yi murna da hakan ba.

Jiya muka kai shi ɗawafin bankwana. Ba ya iya tafiya mai nisa yanzu, Malam Aminullahi ne ya tura shi a keke. Da aka gama ya ce a ajiye shi inda zai riƙa ganin Ka'aba. Muka zauna tun Azahar. Bayan kowace salla a yi shelar sallar gawa, a wuce da makara a kafaɗun mutane, shi kuma ya bi su da ido har su ɓace. Leɓɓansa kawai ke motsi. Ni na san abin da yake jira, Malam ma ya sani, ba wanda ya iya kallon wani. Ni da ya kamata in roƙa masa tsawon rai, na rasa me zan roƙa.

Bayan Magariba Hashim ya bugo ya ce motar Jidda ta gaji da jira. Kawu ya ce a ƙara masa kaɗan. Muka ƙara. Hashim ya sake bugowa. Sai ya ɗora tafinsa a ƙirji, ya sunkuyar da kai yana saurare, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, “Tana nan tana bugawa. Mu tafi.”

Yana Jidda gidan wani abokin Hashim, jirginsa zai sauka Kano ranar Talata. A je da keke, kuma a gyara masa ɗaki a ƙasa, ba ya iya hawa bene. Magungunansa na cikin ƙaramar jaka, na rubuta yadda ake sha. Don Allah Inna, ki tsaya a ƙofa da kanki, ki hana mutane shiga yi masa barka da dawowa.

Taki,
Rabi'a